Florence Nightingale, wadda ta mai da jinya aikin amana

Ranar 12 ga watan Mayu ta kowace shekara, masu aikin jinya na ƙasashen duniya suna yin sallar aikinsu. Ƙungiyarsu ta duniya ce ta tsai da wannan rana a shekarar 1974, domin ita ce ranar haihuwar wata Baturiyar Ingila mai suna Florence Nightingale. Yawancin waɗanda suka san sunanta hoto guda suka sani: mace siririya riƙe da fitila, tana zagaya gadajen sojoji da tsakar dare. Hoton gaskiya ne, amma bai cika shekara biyu ba daga cikin shekaru 90 da ta yi a duniya. Sauran aikin bisa tebur ta yi shi, da alƙalami da lissafi, tana neman amsar tambaya guda mai nauyi: yaya za a yi kada marar lafiya ya cutu a hannun waɗanda suka ce za su taimake shi?

An haife ta a shekarar 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, inda iyayenta suke baƙunci, sai suka sa mata sunan garin. Ubanta, William Nightingale, attajiri ne mai gidaje biyu a Ingila, ɗaya a Lea Hurst, ɗaya a Embley. Ba shi da ɗa namiji, don haka ya zauna da kansa ya karantar da ɗiyansa mata biyu: Faransanci, Jamusanci, Italiyanci, Latin, Girkanci da tarihi. Florence ta ƙara da lissafi, wanda a zamanin ba a ganin ya dace da ɗiyar manya. Abin da ake jira daga gare ta shi ne ta iya kiɗa da karɓar baƙi, ta auri mai dukiya, ta zauna.

A watan Fabrairu na 1837, tana da shekara 16, ta ji a ranta cewa Allah ya kira ta ga wani aiki. Ta daɗe ba ta gane ko wane aiki ne ba. Da ta gane jinya ce, sai rigima ta tashi a gidan.

Dalilin rigimar kuwa a fili yake. A Ingila ta wancan lokaci, jinya a asibiti aikin wadda ta rasa abin yi ce. Babu makaranta, babu horo, albashi kaɗan ne, kuma an san da yawa daga cikin masu yin ta da shan giya. Akwai na kirki a cikinsu, amma sunan aikin ya riga ya ɓaci. A 1845 Florence ta nemi izinin zuwa asibitin Salisbury ta koyi aiki na wata uku. Uwarta da yayarta suka ɗauki abin zub da mutuncin gida, aka hana ta. Ta koma tana tashi da asuba tana karanta rahotannin gwamnati bisa asibitoci da lafiyar jama'a, a ɓoye. Wani saurayi mai ilimi da suna, Richard Monckton Milnes, ya yi shekaru yana neman aurenta. A 1849 ta ƙi shi, ko da yake tana son sa, don ta san aure zai rufe mata hanya. Sai a 1851, tana da shekara 31, ta samu ta yi wajen wata uku a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus, inda wani limamin kirista, Theodor Fliedner, yake horon mata su kula da marasa lafiya da marayu. Daga baya ta nuna cewa fasahar jinya da tsabtar wurin ba su da yabo, amma a can ta ga mata talakawa suna aiki da natsuwa da riƙon amana, ba don idon kowa ba.

A watan Agusta na 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin gidan jinyar mata a titin Harley na birnin Landan. Ubanta ya yanka mata fam 500 a shekara, ta zama mai cin gashin kanta. Ta sa aka ja famfon ruwan zafi zuwa kowane bene, aka sa ƙararrawa kusa da majinyata, aka yi na'urar hawar da abinci, don kada mai jinya ta ƙare ƙarfinta a hawa da sauka. A nan kuma ta yi faɗanta na farko bisa ƙa'ida. Kwamitin gidan ya so a karɓi mabiya cocin Ingila kaɗai. Ita kuwa ta tsaya a kan cewa a karɓi ƴan Katolika da Yahudawa, a kuma bar malaman addininsu su ziyarce su, in ba haka ba ta ajiye aikin. Kwamitin ya sauko.

Barikin Scutari

A 1853 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da daular Turkawa. A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga bayan Turkawa, aka kai yaƙin yankin Kirimiya, a arewacin Bahar Aswad. Bayan gwabzawar Alma a watan Satumba, jaridar The Times ta buga labarin yadda sojojin Ingila masu rauni suke mutuwa babu mai duba su, alhali rundunar Faransa tana da mata masu zaman ibada na Katolika da suke yi wa sojojinta jinya. Jama'a suka harzuƙa. Sidney Herbert, wanda yake riƙe da sha'anin kuɗi da tanadin soja a gwamnati, ya san Florence tun haɗuwarsu a birnin Rum a 1847. Ya rubuta mata wasiƙa yana roƙon ta tafi. Ita ma ta riga ta rubuta tana neman tafiya, wasiƙun suka saɓa a hanya.

Ran 21 ga Oktoba 1854 ta bar Landan da mata 38, cikinsu akwai ƴan Katolika da ƴan cocin Ingila da waɗanda suka taɓa aikin asibiti. Suka bi ta Paris da Marseille, suka sauka a Scutari ran 4 ga Nuwamba. Scutari unguwa ce a ƙetaren ruwa daga Istambul. Yau Üsküdar ake ce mata. Can aka mai da wani babban barikin sojan Turkawa asibiti. Tsakaninsa da fagen yaƙi akwai teku na wajen kilomita 500, kuma a jirgin ruwa ake jibgo majinyata, su yi kwanaki kwance bisa katako cikin ɗari da ƙazanta kafin su iso.

Likitocin soja ba su yi murna da zuwan mata ba. Florence ta gane cewa in ta kutsa da ƙarfi, za a kore su, kuma ba za a sake barin mace ta shiga asibitin soja ba. Don haka ta hana matanta taɓa majinyaci sai likita ya nema. Suka zauna suna ɗinkin tsumma da dafa kunu, suna jin nishin mutane ta bango. Waɗansunsu sun ji haushinta ƙwarai, kuma ba a rasa dalili ba: wuya ne a ce wa mai tausayi ya naɗe hannu. Amma jiran bai daɗe ba. Kashegarin saukarsu aka yi yaƙin Inkerman, cikin ƴan kwanaki jiragen ruwa suka fara sauke ɗaruruwan masu rauni, likitoci suka rasa yadda za su yi, suka kira mata.

Abin da suka tarar ya wuce misali. Majinyata sun haura 2,000, an jera shimfiɗunsu a ɗakuna da barandu, tsawon layin ya kai kilomita 6. Ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, ga bokitan bayan gida cike a tsakar ɗaki. Babu sabuni, babu tawul, babu cokali, babu riguna. Kayan da aka aiko daga Ingila suna kulle a sito ana jiran sa hannun wani jami'i, ko kuwa jirgi ya wuce da su wani wuri. Florence tana da kuɗin kanta da na taimakon da masu karanta The Times suka tara. Ta aika kasuwar Istambul aka sayo burushi 200 na wanke daɓe, da dubban riguna, da kwanoni da cokula. Ta kama hayar gida ta mai da shi wurin wanki da ruwan zafi, ta ɗauki matan sojoji aiki. Ta buɗe madafa ta musamman don waɗanda cikinsu ba ya karɓar naman rundunar. A 1855 wani shahararren kukun Faransa, Alexis Soyer, ya zo ya gyara dahuwar asibitin gaba ɗaya.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suka fi nuna irin tunaninta. A cikin ɗakin majinyata ake yanke hannu da ƙafa, a gaban wanda gobe za a yanke nasa. Ta samo labule ta sa ana kare wurin, don ta lura cewa mutumin da ya kalli mutuwar maƙwabcinsa a ƙarƙashin wuƙa yakan karaya tun kafin a zo kansa. Tana tsayawa kusa da wanda ake yi wa aiki, tana kuma ƙoƙarin kada kowa ya cika shi kaɗai. Da dare takan rubuta wa uwaye da matan mamata, ta gaya musu yadda nasu ya rasu, ta aika musu ɗan abin da ya bari. Ta gano cewa sojan da ciwo ya kwantar ana yanke masa albashi fiye da wanda harsashi ya sama, ta kai maganar har gaban sarauniya Victoria, aka daidaita. Hafsoshi a lokacin suna kallon ƙaramin soja tamkar dabba, suna cewa duk abin da ya samu giya zai sha da shi. Ita ta buɗe wurin karatu da wurin aika kuɗi gida, sojoji suka yi ta aika wa iyalansu dubban fam.

Ga matanta kuwa ba ta da sassauci. Wadda aka kama da maye, sai gida. Wadda ta mai da gadon majinyaci wurin jan mutum zuwa ɗariƙarta, sai gargaɗi mai zafi. Wa'azi aikin limami ne, kuma wanda yake kwance ba shi da ƙarfin ƙi. Bayan ƙarfe 8 na dare ba ta barin kowace mace a ɗakunan sai ita, riƙe da fitilar Turkawa irin ta yadi mai naɗewa. Daga nan laƙabin mai fitila ya fito, jaridu suka yaɗa shi.

Ba ita kaɗai ce mace a yaƙin ba. Mary Seacole, baƙar mace daga Jamaika wadda ta gaji sanin magani daga uwarta, ta nemi a tura ta daga Landan bayan tafiyar ayarin farko, ba a karɓe ta ba, kuma ta yi zargin launin fatarta ne sanadi. Ta tafi da kuɗinta, ta buɗe wurin abinci da magani kusa da Balaklava, sojoji suka so ta ƙwarai. An daɗe da mantawa da ita. A 2016 aka kafa mutum-mutuminta a harabar asibitin Saint Thomas na Landan.

Abin da lissafi ya nuna

Ga inda labarin ya yi nauyi. Duk da wanki da abinci da tsayuwar dare, mutuwa ba ta ragu ba a watannin farko na zuwan Florence. Ƙaruwa ma ta yi. A ɗarin farko sojoji 4,077 suka mutu a Scutari. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane majinyaci 100, wajen 42 ba su fita da rai ba. Mafi yawansu ba rauni ya kashe su ba: atuni ne, da zawo, da kwalara, da masassarar taifot da ta ƙwarƙwata. Mutum yakan shigo da raunin ƙafa, ciwon ciki ya ɗauke shi.

A watan Maris na 1855 gwamnati ta turo kwamitin tsabta, cikinsa da likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka tarar an gina barikin bisa magudanan ƙazanta da suka toshe, iska tana koro warinsu ta bututun masai zuwa inda mutane suke kwance. Suka tarar da mushen doki a hanyar ruwan sha. Aka yashe magudanai, aka kwashe shara da mushe, aka shafe bango da farar ƙasa, aka huda rufi don iska ta shiga, aka rage cunkoso. Kafin ƙarshen watan Yuni, mutuwa ta sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Wucewar ɗari da gyaran abincin sojoji a fagen yaƙi su ma sun taimaka. A ɗari na biyu rundunar Ingila ta kasance cikin lafiya, ita kuwa ta Faransa, wadda aka yi ta yabo da farko, masassarar ƙwarƙwata ta yi mata mummunar ɓarna.

A watan Mayu na 1855 Florence ta ƙetara zuwa Kirimiya don duba asibitocin can, sai wata masassara mai tsanani ta kama ta, har aka fid da rai. Likitocin yau suna kyautata zaton ciwon nan ne da ake ɗauka daga ɗanyar madarar dabbobi. Ta ƙi komawa gida. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Paris ran 30 ga Maris 1856, amma ba ta tashi ba sai da majinyaci na ƙarshe ya tafi. Ingila ta shirya mata gagarumar tarba. Ita kuwa ta shigo a watan Agusta da sunan aro, ta sauka daga jirgin ƙasa, ta taka da ƙafa zuwa Lea Hurst.

Wani da ya sami irin wannan suna da ya zauna ya ci moriyarsa. Florence ta ga sarauniya a Balmoral a watan Satumba, ta roƙi a kafa kwamitin bincike bisa lafiyar soja. An kafa shi a 1857, Sidney Herbert yana shugabanta. Ta zauna da William Farr, gwanin ƙididdiga na gwamnati, suka bi takardun mamata wata bayan wata. Sakamakon ya nuna cewa fiye da sojojin Ingila 16,000 ciwo ne ya kashe su, waɗanda makami ya kashe kuwa ba su kai 5,000 ba. Ya kuma nuna wani abin kunya: ko a lokacin zaman lafiya, samarin da suke cikin barikokin Ingila suna mutuwa kusan ninki biyu na tsaransu farar hula, alhali sai mai ƙoshin lafiya ake ɗauka soja.

Da ta san manya ba sa karanta jerin lambobi, sai ta zana musu hoto mai kama da faifai da aka yanyanka gida 12, kowane yanki wata guda. Shuɗi mutuwar ciwon da za a iya karewa, ja mutuwar rauni, baƙi sauran dalilai. Shuɗin ya mamaye takardar. Duk mai duba lissafin nan zai ga cewa ranar da mutuwa ta fara ja da baya ita ce ranar da aka fara yashe magudanai, watanni huɗu bayan saukar mai fitila. Ba ta ɓoye wannan ba. Ta rubuta rahoto mai shafi fiye da 800, ta buga shi da kuɗinta a 1858, ta raba wa masu mulki. Masu tarihi sun saɓa bisa yadda wannan sani ya taɓa zuciyarta. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, ba ta taɓa cewa ita ce ta rage mutuwar Scutari ba, kuma daga nan har ƙarshen ranta maganar iska da ruwa da magudanai ba ta bar bakinta ba. A shekarar nan ta 1858 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, mace ta farko a cikinta. A gabatarwar littafinta bisa asibitoci, bugun 1863, ta kafa ƙa'idar da ta koya da tsada: sharaɗin farko ga asibiti shi ne kada ya cuci marar lafiya.

Makarantar Saint Thomas

Tun tana Scutari jama'a suka tara kuɗi da sunanta, har suka haura fam 44,000. Da su aka buɗe makarantar jinya a asibitin Saint Thomas a watan Yuli na 1860, da ɗalibai 15, ƙarƙashin shugabar jinyar asibitin, Sarah Wardroper. Makarantar ba ta wata ɗariƙa ba ce. Horon shekara guda ne, a bakin gado. Kowane wata ana cika wa ɗaliba takarda mai fuska biyu. Fuska ɗaya ta iya aiki ce: ɗaurin miki, gyaran gado, dahuwar majinyaci, lura da alamun ciwo. Ɗayar ta hali ce: kamewa daga giya, gaskiya, riƙon amana, zuwa a kan lokaci, natsuwa, tsabtar jiki. Wadda ta faɗi a fuskar hali, gwanintarta ba ta cetonta. Florence ta kuma raba iko: mai jinya tana bin umurnin likita a sha'anin magani, amma horonta da ladabtar da ita suna hannun shugabar jinya, mace irinta. Ɗaliban makarantar sun bazu suka kafa irinta a wasu biranen Ingila, da Ostareliya da sauran ƙasashe.

Ƙaramin littafinta mai suna Notes on Nursing, wanda ya fito a ƙarshen 1859, shi ya fi bayyana abin da take nufi da amana. Ta rubuta shi domin matan gida, amma ya zama abin karatun masu jinya. Ta yi maganar iska mai kyau, haske, ruwa mai tsabta, da yawan wanke hannu. Sa'an nan ta shiga abubuwan da ba a cika kula da su ba. Raɗa a bakin ƙofar marar lafiya mugunta ce, domin zai kasa kunne ya zaci maganar mutuwarsa ake yi. Kada a tashe shi daga barcin farko. Kada a yi masa magana daga baya ko daga nesa. A zauna inda zai ga fuska. Ta yi suka mai zafi ga masu zuwa gaisuwa da suke cika majinyaci da shawarwari da fatan ƙarya, suna ce masa babu komai alhali shi ya san akwai. Irin wannan yana barin mutum cikin kaɗaici, ba shi da wanda zai gaya wa tsoronsa. Mai jinya kuma ba ta yawo da labarin majinyacinta, ba ta amsa tambaya a kansa sai ga wanda yake da hakkin tambaya.

Abu biyu ta fi nanatawa. Na farko lura: mai jinya ta san nawa majinyaci ya ci, awa nawa ya yi barci, yaya launinsa da numfashinsa suka sauya, ta gaya wa likita abin da ta gani, ba abin da take zato ba. A ganinta wanda ya ce bai sani ba ya fi wanda ya ƙaga amsa don ya rufe kunyarsa, domin bisa amsar ne za a ba da magani. Na biyu tsari: gwanar mai jinya ita ce wadda aikinta yake tafiya daidai ko ba ta nan, don ta shirya wanda zai karɓe ta. Wadda komai yake lalacewa da ta juya baya, tana ciyar da girman kanta ne.

An jarraba ta da ƙa'idarta. A farkon shekarun 1860 asusunta ya buɗe sashen koyon unguwarzoma a asibitin King's College. Masassarar jego ta shiga ɗakin, mata suka fara mutuwa. A ƙarshen 1867 aka rufe sashen da yardarta, ko da yake da sunanta aka kafa shi. Ta tattara lissafin haihuwa daga wurare da dama, ta buga a 1871, ta nuna cewa a zamanin macen da ta haihu a babban asibiti, kusa da masu wasu cututtuka, ta fi wadda ta haihu a gida shiga haɗari.

Ba ta tsaya ga sojoji da masu hali ba. A gidajen gajiyayyu na gwamnati, matalauta marasa lafiya ƴan'uwansu matalauta ne suke yi musu jinya. A 1865, da kuɗin wani attajirin Liverpool, William Rathbone, ta tura ɗalibarta Agnes Jones da ƙwararru 12 zuwa gidan gajiyayyun birnin, mai majinyata fiye da 1,000. Agnes ta gyara wurin, amma masassarar ƙwarƙwata ta kashe ta a 1868, tana da shekara 35. Hujjar Florence ita ce, da zarar matalauci ya kwanta ciwo, majinyaci ne kamar kowa.

Ba ta taɓa zuwa Indiya ba, amma ta yi shekaru da dama tana aiki a kanta. Rahoton 1863 ya nuna sojojin Ingila a can suna mutuwa 69 cikin 1,000 a shekara. Bayan shekara goma na gyara, lambar ta sauko zuwa 18. Daga baya hankalinta ya koma ga ƙauyawan Indiya kansu, ruwan shansu da yunwar da take kashe su. A 1863 kuma ta buga lissafin makarantun ƴan ƙasa a yankunan mulkin mallaka, har da gaɓar Afirka ta yamma, ta nuna yaran suna mutuwa ninki biyu na tsaransu a Ingila. Duk da haka ɗiyar zamaninta ce: ba ta ƙi mulkin mallaka ba, kuma a rubutunta akwai kallon raini ga al'adun mutanen da aka mallaka. Masu jinya na waɗansu ƙasashe sun ta da wannan magana a 2020, shekarar cikarta 200 da haihuwa.

Tana da wasu laifuffukan. Tun daga 1857 ciwo ya tsare ta a ɗaki, mafi yawan lokaci a kwance, daga nan take aika dubban wasiƙu, ministoci suna zuwa ganinta ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta rubuta yadda za a tausaya wa majinyaci ba ta cika tausaya wa abokan aikinta ba. Sidney Herbert yana fama da ciwon ƙoda tana matsa masa ya ci gaba da gyaran ma'aikatar yaƙi. Ya rasu a watan Agusta na 1861, abin ya dame ta shekaru. Ta daɗe tana ganin wari da gurɓatacciyar iska ne suke haifar da cuta, sai a shekarun 1880 ta karɓi bayanin ƙwayoyin cuta. Sa'ar da aka yi, tsabtar da take kira gare ta tana kashe ƙwayoyin ko ba a san da su ba. Ta kuma yi adawa da rajistar masu jinya ta hanyar jarrabawa, tana ganin takarda ba ta auna hali. A nan zamani bai bi ta ba: Ingila ta yi dokar rajista a 1919, don jama'a su iya bambance wanda ya koya da wanda ya sa farar riga kawai.

Rantsuwar da ake kira da sunanta, wadda ɗaliban jinya suke yi a ƙasashe da yawa, ba ita ta rubuta ba. Wata malamar jinya ce, Lystra Gretter, ta tsara ta tare da wani kwamiti a birnin Detroit na Amurka a 1893. Ƙungiyar masu jinya ta duniya, wadda aka kafa a 1899, ta fitar da kundin ɗa'ar aiki na farko a 1953, ta sabunta shi sau da dama, har da na 2021. Kundin ya ƙara abubuwan da ba a ba su nauyi ba a zamanin Florence, musamman hakkin majinyaci na a yi masa bayani, ya yarda ko ya ƙi. Tsare sirri, rashin bambanta mutane saboda addini ko launi ko dukiya, da ɗaukar alhakin abin da hannu ya aikata, waɗannan suna nan tun daga titin Harley da Scutari.

A 1883 sarauniya ta ba ta lambar Royal Red Cross. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba Order of Merit, amma a lokacin idonta ya tafi, hankalinta ya raunana. Ta rasu cikin barci ran 13 ga Agusta 1910 a gidanta na South Street a Landan. Gwamnati ta yi tayin rufe ta a Westminster, inda ake rufe sarakuna da manyan ƙasa. Danginta suka ƙi, bisa ga wasiyyarta ta kada a yi mata biki. Sajan shida na soja suka ɗauki akwatin zuwa makabartar ƙauyen East Wellow, kusa da Embley, inda iyayenta suke. A gefen dutsen kabarin iyali an rubuta haruffa biyu, F. N., da ranar haihuwa da ranar rasuwa.